Ina Son Karatun Ofis, Baba Ya Ce Asarar Kuɗi Ne

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 20. A Jidda aka haife ni, a nan na yi karatu har na gama sanawiyya, wato sakandare, bara da sakamako mai kyau. Fasfonmu na Najeriya ne, kuma ni da Umma da 'yan uwana huɗu duk muna kan iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, shi kuma tela ne a shagon kafilinsa, wanda ya tsaya masa a kan zaman ƙasar. Tun ina ƙarama nake sha'awar aikin ofis, shi ya sa na nemo wani ma'ahadi mai zaman kansa, wato cibiyar koyarwa, da ke bayar da difloma ta shekara biyu a fannin gudanar da ofis da sakatariya. Wata ƙawata ta yi irin wannan karatun, yanzu tana aiki a wani kamfani. Da na kai wa Baba maganar sai ya ce asarar kuɗi ne, ɗan iƙama ba shi da kujera a ofis, in dubi yayana da ya gama difloma shekara uku da suka wuce, har yau bai samu aiki da ita ba. Ya ce in zauna in koyi ɗinki har Allah ya kawo miji. Tun da aka rushe unguwarmu muka koma gidan haya mai tsada, ba a yi masa maganar kuɗi bai yi fushi ba. Umma tana goyon bayana, ta ce idan ta ɗauki adashenta na riyal 6,000 a wata mai zuwa za ta ba ni in biya zangon farko ba tare da Baba ya sani ba, in ya so daga baya a lallashe shi. Gwaggona da ke sayar da abaya a Kano, wadda Umma kan saya wa kaya ta aika mata, ta ce in koma wajenta in yi karatu a can, amma ban taɓa zama a Najeriya ba, kuma Turancina ba shi da ƙarfi. Da kuka nake kwana idan na tuna sa'o'ina suna jami'a. Shin in karɓi kuɗin Umma in yi rajista a ɓoye, ko in haƙura da karatun gaba ɗaya?

'Yarki daga Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kukan nan na dare, domin na san zafin da yarinya take ji idan ta yi ƙoƙari a aji shekara da shekaru, sannan ta wayi gari tana kallon 'yan ajinsu suna wucewa jami'a ita tana gida saboda irin katin shaidar da ke cikin jakarta. Kin ba ni zaɓi biyu, ko ki yi rajista a ɓoye ko ki haƙura, ni kuwa ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Za ki yi karatu in Allah ya yarda, amma sai kin sauya fannin da kika zaɓa, kuma sai da sanin mahaifinki.

Zan fara da abin da zai fi yi miki ɗaci, domin gara ki ji shi daga bakina yau da ki ji shi daga bakin masu ɗaukar aiki bayan shekara biyu. A kan wannan difloma ta sakatariya, mahaifinki yana da gaskiya. Tun shekarar 2011 da aka shigo da tsarin Niɗaƙat, wanda ke auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka, ake ta keɓe musu ayyuka ɗaya bayan ɗaya, kuma ayyukan ofis suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Daga watan Mayu na 2022, aikin sakatariya, da shigar da bayanai a kwamfuta, da fassara, da kula da sito, duk an mayar da su na 'yan ƙasa ɗari bisa ɗari a kamfanoni masu zaman kansu, sashen kula da ma'aikata kuwa dama an daɗe da rufe shi ga baƙi. Waɗannan su ne ainihin kujerun da karatun gudanar da ofis yake shirya ɗalibi ya zauna a kai. Ma'ahadin zai karɓi kuɗinki da hannu biyu, ya koya miki rubuta wasiƙun hukuma da adana fayil da shirya taro, ya ba ki shaida mai kyan gani, amma ba shi da ikon sa a rubuta sakatariya a matsayin sana'a a kan iƙamarki. Ki kuma sani cewa wadda take kan iƙamar mahaifinta ba ta da izinin yin aiki sai an mayar da ita ƙarƙashin mai ba ta aikin ko an samo mata izini, kuma babu kamfanin da zai yi miki wannan a kan sana'ar da aka haramta masa bai wa baƙo.

Game da ƙawarki, ki tambaye ta cikin hikima wace irin takarda take riƙe da ita. Hausawa da yawa a Makka da Madina da Jidda 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, ga su nan da sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi, kuna Hausa ɗaya, kuna cin tuwo ɗaya, amma doka ba ta auna ku da mudu ɗaya. Haka kuma wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ana ɗaukarsa kamar ɗan ƙasa wajen karatu da aiki ko da fasfonsa na wata ƙasa ne. Ina kyautata zaton ƙawar taki tana cikin ɗayan biyun nan. In kuwa ba haka ba ne, to aikin da take yi dabam, abin da ke rubuce a takardarta dabam, kuma wannan zama ne a kan ƙaya, domin duk ranar da masu bincike suka shigo, kamfanin zai sha tara, ita kuma zamanta a ƙasar zai shiga haɗari. Ba na yi miki fatan irin wannan aikin komai kyan albashinsa.

Yanzu ki matso mu yi lissafin da mahaifinki yake kwana da shi yake tashi da shi. Kuɗin da ake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo ya fara da riyal 100 a wata a Yulin 2017, ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 tun Yulin 2020. Ku shida ne a wuyansa, ke nan riyal 2,400 kowane wata, riyal 28,800 a shekara, kafin a yi maganar haya da cefane da magani, kuma duk wannan daga bakin allura yake fitowa, yana sunkuye a kan keken ɗinki tun hantsi har bayan isha'i. Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya ci unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail, ya raba mutane da gidajen da suka san kuɗinsu da maƙwabtan da suke rufa wa juna asiri, ya jefa su cikin haya mai tsada a lokaci guda. Ga kuma yayanki. Ɗa namiji ba ya dawwama a kan iƙamar ubansa, idan ya kai shekara 25 dole a mayar da shi ƙarƙashin mai ba shi aiki, kuma in na auna shekarunsa daga abin da kika rubuta, wa'adin ya kusa. Mahaifinki ya taɓa zuba kuɗi a difloma bai ga komai ba, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Saurin fushin da kike gani tsoro ne da gajiya suka taru a kansa, ban ga alamar ƙin ci gabanki a cikinsa ba.

Sai dai akwai inda na saɓa da shi, kuma zan faɗa ba tare da rage masa daraja ba. Ya ɗauki gaskiyar da ta shafi fanni ɗaya ya shimfiɗa ta a kan karatu gaba ɗaya, sannan ya mayar da jiran miji ya zama shi ne tsarin rayuwarki. Yarinyar da zamanta a ƙasa ya rataya a kan aikin mahaifinta yau, ya rataya a kan na mijinta gobe, ita ce ta fi kowa bukatar ilimin da zai bi ta duk inda ƙaddara ta jefa ta. Mun sha ganin gidajen da maigida ya rasu ko kafili ya rufe shago, aka wayi gari iyali sun sauka a Kano da jakunkuna kawai, 'yan mata sun iya Larabci kamar jakin Kano, amma babu takarda ko ɗaya da za su nuna.

Umma kuma, Allah ya saka mata da alheri, domin uwar da ta yarda ta sadaukar da adashen da ta yi watanni tana zubi ta nuna inda zuciyarta take. Amma ki dubi shirin da idon basira. Riyal 6,000 zango ɗaya za su biya, saura uku, kuma ba a ɗaukar adashe kowane wata. Za ki riƙa fita kullum da safe ki dawo da rana, za a bukaci kuɗin mota da na littattafai, ma'ahadin zai nemi kwafin iƙamar da sunan mahaifinki yake kai, to mako nawa wannan zai ɓoyu a gida ɗaya? Ranar da ya sani, maganar karatu za ta koma gefe, abin da zai tsaya masa shi ne matarsa da 'yarsa sun haɗa kai sun rufe shi, kuma Umma ce za ta fi ɗaukar nauyin fushin, a aurenta na shekara ashirin da wani abu. Idan daga nan ya rantse cewa ba za ki sake fita ba, kin rasa kuɗin, kin rasa karatun, kin kuma rasa yardar da za ki bukata gobe. Ki je ki yi mata godiya sosai, ki roƙe ta ta riƙe kuɗin tukuna, akwai inda za su yi amfani a fili.

To me za ki karanta? Abin da ake kira karatun kasuwanci rassa ne da yawa, kuma ba duka suke da nauyi ɗaya a hannun 'yar iƙama ba. Gudanar da ofis mun gama da shi. Gudanar da kasuwanci na bai ɗaya yana ba mutum ɗanɗano daga kowace tukunya, tattalin arziki kaɗan, talla kaɗan, shugabanci kaɗan, amma wanda ya fito da shi kaɗai yakan sha wahalar amsa tambayar mai ɗaukar aiki idan ya ce me ka iya yi da hannunka. Abin da nake ba ki shawara a kai shi ne akanta, wato muhasaba, ko dai ita kaɗai ko a matsayin reshen da za ki ƙware a kai cikin digirin kasuwanci. Dalilina shi ne, tun da aka shigo da harajin ƙari a kan kaya na kashi 5 a Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a Yulin 2020, sannan aka wajabta rasiɗin lantarki na tsarin Fatura daga Disambar 2021, duk wani kasuwanci mai rajistar haraji ya zama yana bukatar wanda ya iya riƙe littafi da kyau, ya fitar da rahoton haraji a kan lokaci. Ba zan ɓoye miki ba, nan ma ƙofar tana ƙara tsukewa. A 2021 an wajabta wa kamfanonin da ke da akantoci biyar ko fiye su bai wa 'yan ƙasa kashi 30 na kujerun, a ƙarshen 2025 aka ɗaga zuwa kashi 40 da shirin kai shi 70 a hankali cikin shekara biyar, kuma baƙon da zai yi aikin sai ya yi rajista da hukumar akantoci ta ƙasa, SOCPA. Amma ƙofa mai tsuku dabam take da bango. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wajena shi ne akanta ba ta san iyakar ƙasa ba, domin shiga da fita, bashi da jari, riba da faɗuwa, yadda suke a Jidda haka suke a Kano da Yamai da Alƙahira.

Hanyoyin samun wannan karatun uku ne a nan, kuma ki bi su daga mai araha zuwa mai tsada. Ta farko ita ce minha ta cikin gida, guraben karatu kyauta da jami'o'in gwamnati suke ware wa 'ya'yan baƙi masu ingantacciyar iƙama, waɗanda ake nema ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya. Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke garinku tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, wadda da ita jami'ar ta fara tun kafuwarta a 1967. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, ana kuma duba sakamakon sanawiyya tare da na jarrabawar neman shiga jami'a guda biyu, Ƙudurat da Tahsili, saboda haka in makinki a waɗannan biyun bai kai na sanawiyyar kyau ba, ki sake zama ki ɗaga shi. Kada ki yi jinkiri a kan wannan, domin ana karɓar masu shekara 17 zuwa 25 ne, kuma jami'o'i ba sa son takardar sanawiyyar da ta wuce shekara biyar. Ki nema a duk jami'ar da aka ba ki dama, har da Ummul Ƙura ta Makka.

Ta biyu ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa, wadda aka kafa a 2002 bisa ƙoƙarin Yarima Talal bin Abdul'aziz, kuma tana da reshe a Jidda. Tana karɓar mazauna ƙasa, tana bayar da digiri a kasuwanci da akanta tare da haɗin gwiwar Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wani ɓangare na karatun a aji wani ta intanet, kuma ana biya ne gwargwadon darussan da ɗalibi ya ɗauka a zango, abin da zai ba ku damar tafiya daidai ƙarfin aljihu. Da Turanci ake karatun, amma suna yin gwaji a farko su sa mai rauni a ajin share fage. Ki je da kanki tare da yayanki ki karɓo jadawalin kuɗinsu na waɗanda ba 'yan ƙasa ba, a rubuce.

Ta uku ita ce difloma a akanta a ma'ahadi mai zaman kansa, kuma a nan ne ake yawan cutar mutane, don haka ki shiga da tambayoyi a bakinki. Ki nemi su nuna miki lasisinsu daga hukumar koyar da fasaha da sana'o'i ta ƙasa, ki tabbatar cewa shi kansa shirin an amince da shi a matsayin difloma, domin akwai gajerun kwasa-kwasai da ake yi wa ado da manyan sunaye alhali shaidar halarta kawai suke bayarwa. Ki tambaya ko ana iya yin tajsiri da ita, wato a ɗora a kanta zuwa digiri, da kuma wace jami'a ce ke karɓa. Ki tambaye su kai tsaye mutum nawa 'yan iƙama suka yaye bara, kuma ina suke aiki yanzu, ki lura da fuskar mai ba ki amsa. Kada ki sa hannu a kan yarjejeniyar biyan kuɗi sai kin kai ta gida an karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan ɗalibi ya janye.

Tayin Gwaggo kada ki yar da shi, amma kada ki yi masa gaggawa. A Najeriya, kwalejojin fasaha irin ta Kano da ta Kaduna suna koyar da akanta da gudanar da kasuwanci da fasahar ofis, ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a yi shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan babbar difloma shekara biyu. A can babu dokar da ta hana ki kujerar ofis, kuma Larabcin da yake abin kowa a Jidda, a Kano jari ne a kamfanonin aikin Hajji da Umara, da wajen 'yan kasuwar Kantin Kwari masu hulɗa da ƙasashen Larabawa, da makarantu, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ. Sai dai shiga tana bukatar jarrabawar JAMB da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, takardar sanawiyyarki kuma sai an buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje ta nan da na ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, sannan ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ta tantance ta. Akwai kuma tambayar da dole a amsa kafin ki hau jirgi: ko mahaifinki ya ci gaba da biya miki riyal 400 ɗin nan yana sabunta iƙamarki da bizar fita da dawowa kina can, ko a yi miki fita ta ƙarshe, wadda bayanta dawowa zama kusa da Umma zai yi wuya ƙwarai. Yarinyar da ba ta taɓa zama a ƙasar ba, ya kamata ta fara zuwa hutu na wata ɗaya ko biyu ta ga gari da idonta kafin a yanke irin wannan hukunci.

Kafin ɗayan waɗannan ƙofofin ta buɗe, akwai aikin da za ki fara gobe ba tare da an biya ko riyal ɗaya ba. Ki ware awa biyu kullum, ɗaya ta Turanci, ɗaya ta Excel da buga rubutu da sauri a haruffan Larabci da na boko, ga darussa nan kyauta da Larabci a dandalin Edraak da Rwaq. Sannan ki roƙi Gwaggo ta bar ki ki riƙe mata littafin cinikinta, taimako na 'ya da uwa. Bari in nuna miki abin da nake nufi da misali. A ce Umma ta sayo abaya 20 a Bab Sharif kowace a kan riyal 70, ke nan 1,400, aka kashe 60 a tasi da jaka, aka biya 240 kuɗin kago. Jimla 1,700, wato kowace abaya ta tsaya a riyal 85 kafin ta taɓa ƙasar Kano. Idan Gwaggo tana sa farashi tana tuna 70 ɗin nan kawai, riyal 15 suna zubewa a kowace riga ba ta sani ba. Ki ƙara da canjin Naira na ranar da aka sayi kaya da na ranar da aka turo kuɗi, da riguna biyu da aka bayar bashi ba a biya ba, da ɗaya da ta zo da tabo aka karyar, sai ki ga ainihin abin da ya rage mata. Duk wanda ya iya fitar da wannan a shafi ɗaya mai tsafta ya riga ya taka matakin farko na akanta, kuma bayan wata uku za ki san ko da gaske kina son aikin lambobi, ko kuwa kwalliyar ofis ce ta ja hankalinki. Gara ki gano hakan kafin a kashe kuɗi.

Ɗinkin ma ki karɓe shi da hannu biyu. Ki ce wa mahaifinki kin ji maganarsa, ki zauna ki koya da gaske, domin macen da ta iya yanka da ɗinki ta kuma iya lissafin yadi da zare da ladan hannu ta fi wadda ta iya ɗaya kawai, kuma babu abin da zai sanyaya zuciyarsa kamar ya ga sana'arsa ba abin raini ba ce a idon 'yarsa.

Idan lokacin magana ya yi, ki zaɓi ranarsa, kada ki tare shi a watan sabunta iƙama ko makon biyan haya, ki bari sai ranar Juma'a bayan ya ci abinci ya huta. Ki fara da ba shi gaskiyarsa, ki ce, Baba, na bincika na ga abin da ka faɗa a kan sakatariya haka yake, na janye. Uba yana jin irin wannan kalmar har cikin ransa, kuma ita za ta sa ya saurari sauran. Daga nan ki miƙa masa takarda ɗaya da ke ɗauke da hanyoyin nan da kuɗin kowace, ki roƙi abu ɗaya tak a wannan zaman, wato izinin neman gurbin kyauta da sake zama jarrabawa. Idan da wani baffa ko malami da yake jin nauyinsa, Umma ta nemi ya sa baki, a gabansa kuma ba a bayansa ba. Mutum irin mahaifinki ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da samun marubuci mai adalci, saboda haka riƙe littafin kuɗi ba baƙon abu ba ne a addininsa, kuma malami zai fi ki iya tuna masa wannan. Kuɗin adashen kuwa, Umma ta faɗa masa da bakinta cewa tana son saya miki kwamfuta 'yar madaidaiciya ta biya kuɗin jarrabawa, sauran a ajiye don zangon farko idan gurbin kyauta bai samu ba.

Yayanki ma kada ki bar shi ya zama misalin faɗuwa kawai a bakin mutanen gida. Ki zauna da shi ki tambaye shi abin da ya karanta, da inda ya nema, da amsar da aka ba shi, domin shi ne ya fi kowa sanin ramukan hanyar, kuma mai yiwuwa rabon da wani ya tambaye shi ba da sigar zargi ba an daɗe. In ya samu mafita kafin ya cika 25, riyal 400 sun sauka daga wuyan mahaifinku kowane wata, kuma wannan kaɗai yana iya sauya amsar da za a ba ki.

Yana yiwuwa duk da haka ya ce a'a a karon farko. In ya faɗa, kada ki yi musu, kada ki yi gaba da shi, ki ci gaba da darussanki da littafin Gwaggo, ki sake komawa bayan wata biyu da shafin lissafin a hannunki ki nuna masa, domin tela ya san aikin hannu mai kyau idan ya gan shi. Idan kuma manemi ya fito kafin nan, ki sa Umma da waliyyanki su yi maganar ci gaba da karatunki a fili tun kafin a sa rana, a kuma ji amsarsa a gaban shaidu. Ki duba ranar buɗe neman gurbi a daren nan ki rubuta ta a inda za ki riƙa gani, ki gaishe mini da Umma, kuma ki rubuto mini bayan kun yi zaman da Baba in ji yadda kuka ƙare.